Makahon Gilashi

Sunansa na yanka ya ɓace tun yana saurayi, kuma bai taɓa fita nemansa ba. Idan ya ɗauko gilashi ya shigo layi, hannu ɗaya a ƙasa da tsumma, ɗaya a sama, kalma ɗaya ce a bakinsa: hattara. Yana faɗa wa masu babur, yana faɗa wa mata masu ɗauke da kaya, yana faɗa wa tsofaffin da ke zaune a benci waɗanda ko gobara ba za ta tashe su ba. Kalmar ta bi shi har ta manne. Da furfura ta fito sai aka ƙara masa girma ya zama Baba Hattara, kuma ko mai kawo takardar wuta haka yake rubutawa a bayanta.

Sana'arsa saka gilashi a taga. Abincinsa yana fitowa ne daga ƙwallon yara, da iskar farkon damina, da ɓarayi marasa haƙuri, da ma'auratan da magana ta ƙare musu suka koma jifa. Bai taɓa yi wa kowa fatan sharri ba. An dai lura cewa idan ya tarar da yara suna buga ƙwallo a tsakanin gidaje, ba ya tsawata musu.

Karatunsa bai yi nisa ba, amma yana da aƙida guda wadda ya riƙe gam: gilashi sau ɗaya ake ja masa layi. Ka shimfiɗa shi a tebur mai bargo, ka ɗora rula, ka tsoma bakin mayanki a kananzir, ka ja daga can zuwa nan ba tsayawa. Idan layin ya yi, za ka ji wata siririyar ƙara kamar ana yaga sabon yadi, sai ka karya nan take. Wanda ya koma ya sake bin layin da ya riga ya ja ya lalata mayanki, ya lalata gilashi, kuma a ganin Baba Hattara ba mutumin da za a ba auren 'ya ba ne. Idanunsa sun yi rauni da wuri, ya sa tabarau mai kauri, kuma a duk abin da ya mallaka babu wanda ya kai tabaran nan tsabta. Yana da ƙyalle na musamman dominsa. Kafin ya fara duk wani aiki mai muhimmanci sai ya cire shi, ya hura masa numfashi, ya goge, ya ɗaga shi sama ya duba.

Matarsa tela ce, kuma Tela yake kiranta tun ranar da ya kai mata wando ta rage masa tsawo ta ƙi karɓar shawararsa. Ita tana ce masa Malam, sai idan ranta ya ɓaci ta kira shi da sunan da 'yan layi suka sa masa. Sun zauna a ɗaki biyu a saman wani tsohon bene, mai matakala ƙuntatacciya da ta lanƙwashe a tsakiya. Tagar ɗakin kwana babba ce, ƙasa-ƙasa, tana kallon titi. Kafaffiya ce, ba ta buɗuwa, sai wani ɗan murfi a samanta don iska.

A benen da ke tsallaken titi akwai wani malamin makaranta gwauro. A makon da aka kawo Tela, malamin nan ya gano cewa iskar barandarsa tana da amfani ga lafiya, ya fito da kujera da littafi, kuma ba a taɓa ganin ya buɗe shafi na biyu ba. Hattara ya ɗauko kayan aikinsa. Ya cire farin gilashin tagar ya saka wanda shi da kansa yake kira makaho, mai ƙuraje-ƙuraje, wanda haske ke ratsawa amma ido ba ya wucewa. Ya bayyana wa matarsa cewa rana tana kashe launin yadi. Tela ta ce to. Kafin wata ya ƙare ta kama wani ɗan lungu a tsallaken gidansu, ta sauko da kekenta bakin titi, inda duk garin zai gan ta ba malamin makaranta kaɗai ba.

Malamin ya yi aure, ya yi tumbi, an canza masa wurin aiki, daga baya aka ji ya rasu. Makaho yana nan. Lokaci-lokaci idan Tela tana ninke kaya a ɗakin takan tambayi Malam yaushe za a kai tagar nan asibitin ido, shi kuma ya ce ana nan ana shiri. A haka suka haifi maza biyu da mace ɗaya, a haka mazan suka girma suka tafi inda ake aiko da gaisuwa ta waya, a haka aka aurar da Auta can wani gefen gari, inda take aiki a kantin magani.

A bakin titin nan Tela ta yi rayuwarta. Ta san layin ta tufafinsa. Takan san mace na da ciki kafin mijin ya sani, domin wajenta ake kawo siket a saki ƙugu. Takan san wanda aka sallama daga aiki, domin shi ne zai kawo riga a juya masa wuya. Da yamma ta hau sama ta zuba wa mijinta labarin kowa, shi kuma yana cin abinci yana cewa ba ruwansa da maganar mutane, amma idan ta tsaya sai ya tambayi yadda aka ƙare.

Wata safiya ta kife a kan keken, ƙafarta na kan mataki, allura na tsakiyar hannun rigar wani. Likitoci suka ce shanyewar ɓarin jiki ce. Ta daɗe a asibiti. Ranar da aka dawo da ita, sai da maƙwabta suka haɗu suka ɗauko ta a bargo, kuma a lanƙwasar matakala sai da suka kusa tsayar da ita tsaye kamar kabad. Ɓarin dama ya tafi. Bakin ya ja gefe ya sauka, ido ɗaya ba ya rufuwa duka, magana kuma tana fitowa kalma-kalma, kamar ana zare ƙusa daga tsohon katako.

Kafin a shigo da ita, Hattara ya riga ya yi aikin da ya fi kowa iyawa. Ya bi ɗakin ya kwashe duk abin da ke maido wa mutum fuskarsa. Ya kwance madubin kabad. Ya ɗauke ɗan madubin hannu, da faranti mai sheƙi, da agogon bango saboda murfinsa. Ya rufe talabijin da zani ya ce ta lalace. Ya mayar da cokulan ƙarfe na roba, ya samo kofi mai murfi don kada ruwa ya kwanta a gabanta. Wata maƙwabciya da ta shigo dubiya ta kama baki ta fara hawaye, ba ta sake samun Tela a farke ba, duk lokacin da ta zo sai a ce yanzu barci ya ɗauke ta. Sau ɗaya Tela ta nemi madubi. Ya ce ya faɗi a hannunsa ya fashe. Ta dube shi da idon nan mai lafiya na ɗan lokaci, domin a duk zamansu ba ta taɓa ganin ko kofin shayi ya faɗi a hannunsa ba. Ba ta sake tambaya ba.

Shi ne mai jinya. Ya koyi juya ta, ya koyi wanke ta, ya koyi ɗaura mata ɗankwali, ya koyi dafa romo. Kuma tunda ciyar da ita aiki ne mai muhimmanci, kullum sai ya goge tabarau tas kafin ya sunkuyo da cokali.

Da fari tana karɓa. Daga baya ta fara ragewa, sannan ta fara kau da kai. Ya zo da cokali ta dama, ta juya hagu. Ya zagayo, ta rufe ido ta datse abin da take iya datsewa na bakinta. Ya canza romo, ya kawo madara, ya kawo shayi da burodi jiƙaƙƙe, ya yi lallashi, ya yi faɗa, wata rana har ya yi mata waƙa, shi da ko a bikinsa ba a ji muryarsa ba. Abin da ya fi ci masa rai shi ne idan Auta ta zo bayan ta tashi daga aiki, uwar takan karɓi ɗan wani abu daga hannunta. Kaɗan ne, ba zai riƙe kaza ba, kuma Auta ba kullum take samun zuwa ba. Amma daga hannunsa ko ɗigo. Ya zauna ya lissafa laifuffukansa na tsawon aure, ya ga suna da ɗan yawa, ya kasa gane wanne ne ake biya.

Wuyanta ya zama kamar igiya. Zoben da ya ƙi fita tun haihuwar Auta ya zame da kansa ya faɗi cikin zanin gado. Ma'aikaciyar jinyar da Auta ta kawo ta duba ta, ta fito bakin ƙofa ta yi magana da muryar da take zaton ƙasa-ƙasa ce. Ta ce idan aka ci gaba a haka sai an mayar da ita asibiti an zura mata tiyo ta hanci, kuma ba maganar wata guda ake yi ba, ta kwanaki ce. Tela ta ji. Ta ɗaga hannun hagu ta nuna wajen matakala, sannan ta ɗaga yatsa ɗaya. Duk wanda ke wurin ya gane. Sauka ɗaya ta rage mata a matakalar nan, kuma ba ta asibiti ba ce.

Wuni take yi fuskarta na wajen taga. A bayan makaho titi yana wucewa launi-launi, ja ya gilma, fari ya tsaya, baƙi ya bi shi, da muryoyin da ba su da fuska. Wani lokaci takan ɗaga yatsa ta bi wani launin har ya fita daga katako.

"Baba," in ji Auta, "mutumin da ya tsufa a bakin titi ka kawo shi ka ajiye gaban bango mai haske. Ka canza mata gilashin nan."

Ya ce damina ta kusa, ƙullun da ake liƙe bakin gilashi ba ya kamawa da sanyi. Ya ce katakon ya tsufa. Ya ce gilashin zamanin nan ba shi da nagarta.

"Baba, malamin nan fa ya mutu."

"Allah ya ji ƙansa. Ba shi ba ne."

Gaskiya ya faɗa, ba shi ba ne. Dalilan biyu ne, kuma babu wanda zai faɗu a gaban 'ya. Na farko, duk mai saka gilashi ya san farin gilashi fuska biyu gare shi. Da rana taga ne. Da magariba ta yi, aka kunna fitila a ciki, sai ya koma madubi, kuma wannan madubin zai tsaya ne daidai gefen gadonta, da faɗinsa da tsayinsa. Na biyu kuwa hannunsa ne. Tun kafin Tela ta faɗi, hannun dama ya fara rawa, da fari sai idan ya ɗauki kofi, daga baya har yana zaune. Ya daina karɓar aikin yanka. Duk wanda ya zo rumfarsa sai ya ce masa aiki ya yi yawa, ya dawo wani makon. Har ya yi suna a layin a matsayin mutumin da kasuwa ta buɗe wa, alhali wuni yake yana zaune yana kallon gilasan da ke jingine suna tara ƙura.

Auta ta ɗauki jakarta. A bakin ƙofa ta ce idan ta dawo jibi ta tarar da makahon nan, za ta sa masa guduma, ruwa da sauro su shigo su zauna da su, ita dai uwarta ba za ta mutu tana kallon hayaƙi ba.

Washegari ya roƙi maƙwabciya ta zauna da Tela, ya auna tagar, ya tafi rumfa ya ja ƙofa. Awon ma ba mai sauƙi ba ne, domin benen ya zauna ta gefe ɗaya da tsufa, ƙasan tagar ta fi samanta faɗi da kaurin ɗan yatsa. Ya shimfiɗa gilashi na farko, ya goge tabarau, ya ɗora rula, ya tsoma mayanki a kananzir. Ya ja. Ƙarar da ta fito ba ta yadi ba ce, ta yi kama da mai in'ina yana ƙoƙarin gaisuwa. Da ya karya, tsagar ta bi layi rabin hanya sannan ta ɗauki hanyar kanta. Ya ture shi gefe ya ɗauko wani. Ya danne gwiwar hannu a jikinsa, ya riƙe numfashi, ya ja. Haka. Ya gwada da hagu. Ya ɗaure wuyan hannun da tsumma. Ya jira rawar ta lafa, ta ƙi lafawa, domin ita ba ta da wani wurin zuwa.

A kan gilashi na ƙarshe layin ya tsallake a tsakiya, ya bar wuri kamar faɗin farce ba a ja ba. Baba Hattara ya tsaya yana kallon wurin. Sannan ya waiga ya tabbatar ƙofa a rufe take, ya mayar da mayanki kan layin da ya riga ya ja, ya sake bi. Gilashin ya yi abin da ya yi shekaru yana gaya wa mutane zai yi. Ya zauna a ƙasa cikin fasassun, ya ajiye hannun a cinyarsa, yana kallonsa yana rawa kamar na wani.

Saura Dogo. Dogo a hannunsa ya koyi aiki, ya sha rankwashi a kan maganar layi, yanzu kuwa shi ma ya fara furfura, yana da babban shagon tagogin alminiyam a babban titi, da ma'aikata, da wayoyin da ba sa shiru. A hanya Hattara ya shirya jawabi. A cikinsa akwai maganar cewa Allah ne ke ba da hannu shi ke karɓa, akwai roƙon kada maganar ta fita, akwai wurin da ya tanada don yin shiru idan murya ta ƙi.

"Baba, da kanka? Ai da ka aiko." Dogo ya russuna, ya tambayi jikin Mama, ya jawo kujera. Waya ta yi ƙara. Ya maƙale ta tsakanin kunne da kafaɗa, ya yi wa Baba alama da hannu ya faɗi awon. Yana faɗa da wani a kan motar kaya da ba ta iso ba, ya jawo gilashi, ya ɗora rula, ya ja. Yadi ya yage. Ya juya, ya ja, ya karya, ya bi gefen da dutse. Ko ɗan sararin da ake bari saboda kumburin katako da damina bai manta ba, kuma kafin kowane ja sai ya ɗan ƙyasta harshe, yadda Hattara yake yi. Ya rufe bakin wayar da tafin hannu ya tambaya ko akwai wani abu kuma. Babu. Jawabin ya koma gida a cikin mai shi kamar abincin da bai narke ba.

Dogo ya ce a bari ma'aikaci ya kai masa. Ya ƙi. Ya sa tsumma a ƙasa, hannu a sama, ya fito titi. Gilashin yana kaɗawa a jikinsa, gidaje da motoci suna rawa a cikinsa, gefensa yana ɗan buga masa kafaɗa. Ya riƙa cewa hattara, hattara, ƙasa-ƙasa, kuma a karo na farko a rayuwarsa ba da masu wucewa yake ba. A rumfa gilashin ya kwana, jingine da bango, an kare shi da bargo.

Auta ta zo da rana, da gudumarta a jaka, domin ita ba ta magana biyu. Ta tarar da ubanta a lanƙwasar matakala, ya kasa gaba ya kasa baya, gumi na ɗiga daga haɓarsa. Ta dubi hannun. Ta ajiye jaka ta kama ƙasan gilashin, kuma har suka kai sama ba ta sake kallon hannun ba, abin da ya nuna masa ta gani da kyau.

Suka ja gadon baya, suka lulluɓe Tela da zani saboda ƙura. Tela ta janye shi daga fuskarta. Tsohon ƙullun ya zama dutse, sai da kurfi da guduma, don haka gudumar Auta ba ta yi zuwan banza ba. Makaho ya fito lafiya lau, ko ƙwarzane babu. Suka ɗaga sabon, ya zauna a gurbinsa kamar a nan aka haife shi. Hattara ya kafa 'yan ƙusoshi, ya murza sabon ƙullu a tafin hannu, ya bi gefen da babban yatsa da wuƙa. A da layin ƙullunsa kamar an zana da rula yake. Yau ya fito tudu da kwari tun daga sama har ƙasa.

Suka mayar da gado, suka tada ta da matasai. Tela ta fara duban aikin kafin ta dubi titi.

"Kalmasar," ta ce, ta huta, "ta karkace."

Sannan ta dubi waje. Lungunta ya zama wurin cajin waya. Mai kantin kusurwa ya yi wa shagonsa fenti. Yarinyar da ta ɗinka wa kayan makaranta ta wuce da goyo. Idon Tela yana bin kowa daga wannan katako zuwa wancan, leɓenta yana motsi, sau ɗaya har ta yi wata ƙara da ta yi kama da dariya, lokacin da wani ya wuce da wandon da aka yanke masa ƙafa ɗaya ta fi ɗaya. Auta ta fita bakin matakala ta share ido. Hattara ya ɗumama romo, ya goge tabarau, ya sunkuyo da cokali.

Ta kau da kai.

Ya jira, ya sake. Ta rufe ido. Ya tsaya da cokalin a iska har romon ya gama zubewa a zanin gado da kansa. Ya yi duk abin da aka ce, ya sake bin layi, ya tsaya a gaban Dogo, ya ɗauko titi ya kawo mata har gado, kuma bakin yana nan a datse. Auta ta karɓa ta samu ta ba ta kaɗan, sannan ta ce dole ta tafi kafin motoci su yi wuya. Tana kicin tana wanke hannu, ya hau kujera ya kwance ƙwan fitila ya sa a aljihu. Da ta danna makunni ya ce mata ƙwan ya mutu, gobe zai sayo.

Magariba ta yi. Shagunan ƙasa suka kunna wutarsu, ɗakin ya yi duhu, titi ya ƙara fitowa. Ya zauna a bakin gado da kwanon da ya sake ɗumamawa. Ya ce mata ta dubi girman Allah. Ya ce idan wani laifi ya yi ta faɗa, ko kalma ɗaya ce, zai gane sauran. Ya ce shi ba zai iya riƙe bargon da za a sauko da ita a matakalar nan ba.

"Kunna," in ji Tela.

Ya ce ƙwan ya mutu.

Ta miƙo hannun hagu ta taɓa aljihun. Ita ta ɗinka rigar, ta san yadda aljihun yake kwanciya idan babu komai a ciki.

"Tela, idan na kunna, gilashin nan..." 

Hannunta ya tashi daga aljihu, ya hau ƙirjinsa, ya kai fuskarsa, ya kama tabarau ya zare. Ta juya shi ta riƙe a gabanta, hasken titi ya faɗo a kai.

"Nan," ta ce. "Kullum." Ta huta. "Guda biyu ma."

Ya ɗauki lokaci kafin maganar ta isa inda za ta. Ya kwashe madubi, da faranti, da cokali, da agogo, sannan safe da rana da yamma yana goge gilasai biyu tas yana kawo su daf da hancinta, kuma duk loma sai ta buɗe wannan bakin tana kallonsa a cikinsu yana buɗewa. Auta ba ta sa tabarau. Ya tambaye ta, da muryar da ba tasa ba, me ya hana ta faɗa.

"Ka sha... wahala," in ji ta. "Ɓoyo." Ta ɗan ɗaga tabaran. "Kuma ba ka gani."

Ta sake cewa ya kunna. Ya hau kujera yana lalube, ƙwan yana ƙwanƙwasa mazauninsa kafin ya shiga. Haske ya zo, titi ya ja baya, wata tsohuwa ta bayyana a cikin taga, jingine da matasai, motoci suna ratsa ƙirjinta. Shi ba ya ganin komai sai launi, fari a nan, duhu a can. Yana jin numfashinta kawai. Ta daɗe tana kallo, irin kallon da take yi wa rigar da wani telan ya ɓata aka kawo mata gyara.

"Hattara," ta ce. "Wa ya ɗaura... ɗankwalin nan?"

Ya ce shi ne.

"Na sani."

Ta tura tabaran ƙarƙashin matashi ta ɗora kai a kansa. Ya ɗebo romo. Bai san inda bakin yake ba, kuma cokalin yana kaɗawa, rabi ya riga ya zube a hannun rigarsa. Sai ya ji yatsunta, ƙashi zalla, sun kama wuyan hannunsa sun matse. Rawar ba ta tsaya ba, ta dai ragu. Ta ja hannun a hankali zuwa gefen da bakin ya koma. Wani romon ya bi haɓarta ya sauka, wani ya shiga. Ya ji ta haɗiye da ƙyar, ta yi tari, ta huta, har ya zaci shi ke nan. Romon ya huce, kuma abin da ke kwanon bai ragu ba yadda ma'aikaciyar jinya za ta yarda. Ba ta saki hannun ba. Ta tura shi wajen kwano.